Wata 17 a garejin Maista: yadda aka tayar min da Isetta, da abin da ya ɓata min rai

Ban gama kwance igiyar da na ɗaure motar da ita a kan tirela ba, dattijon ya sa yatsa a gilashin gefe ya tura shi baya. Gilashin ya zame da ƙyar, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya ce maka wannan ta 1955 ce?"

Na ce wanda ya sayar min. Kuma ga farantin masana'anta mai lambar shasi nan a jikinta, an buga shekarar ɓaro-ɓaro.

Ya ce, "To da shi da farantin, duk ƙarya suke yi maka."

Ko gaisawa ba mu yi ba tukuna. Haka muka fara da mutumin da motata ta yi wata 17 a hannunsa, kuma tunda 'yan uwa da dama da suka ga hotonta suna tambayata ina aka gyara ta da nawa na kashe, bari in zauna in warware zare da abawa. Sunan garejin dai ba zan faɗa ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma mutumin bai yi min abin da zan yi masa tonon silili a bainar jama'a ba. Wani ƙauye ne a jihar Bafariya ta ƙasar Jamus, tafiyar kusan awa ɗaya daga Munik. Shi kowa "Maista" yake ce masa, laƙabin da Jamusawa ke ba wanda ya ci jarrabawar ƙwarewa a sana'a har aka yarje masa ya buɗe wuri ya koyar da yara. Ni ma haka zan kira shi.

Ni direban babbar mota ne, na shekara 19 a Jamus. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bakanike ne a Kano, na tashi ana aikena Ƙofar Ruwa sayo fulogi da zoben fistin, saboda haka ba na ɗaukar kaina baƙo a harkar ƙarfe. Wannan jin kan shi ya kai ni ya baro. Na ga talla a intanet, magadan wani manomi suna sayar da BMW Isetta da ta shekara da shekaru a rumbun ciyawa, babu takardu, Yuro 6,500. Na je da yamma, na haska ta da fitilar waya, na ga 1955 a faranti, zuciyata ta ce ga tsuntsu daga sama gasasshe, tunda ita ce shekarar farko da BMW ya fara ƙera ta. Na biya nan take. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai nawa birin ina ganinsa da idona, ban san yadda ake dubansa ba ne.

Ga wanda bai taɓa ganin Isetta ba: ka ɗauki ƙwai ka sa masa taya huɗu. Tsawonta bai wuce mita biyu da 'yan kai ba, nauyinta wajen kilo 350. Ƙofa ɗaya gare ta, kuma gaban motar gaba ɗayansa shi ne ƙofar, in ka buɗe sai sitiyari ya biyo ta waje ya ba ka hanya ka shiga ka zauna. Ba abin mamaki ba ne, domin kamfanin Iso na Italiya da ya ƙirƙiro ta, na Renzo Rivolta, firji ya fara yi kafin babura da motoci. A 1953 ya nuna ta a Turin. BMW, wanda a lokacin manyan motocinsa masu tsada ba sa shiga kasuwa, ya sayi izinin ƙera ta, ya ɗora mata injin babur ɗinsa mai silinda ɗaya, ya fara fitar da ita a 1955 a kan Mak 2,580, kuɗin Jamus na wancan lokacin. Kafin a tsaya a 1962 an ƙera 161,728. Rufinta tamfol ne da ake naɗewa, ba don ado ba: in aka yi karo ƙofar gaba ta maƙale, ta sama za ka fita. Ranar da na nuna wa Hajiya, mahaifiyata, ta bidiyon waya, ta daɗe tana dubawa sannan ta ce, "To kai ɗan nan, wannan keke napep ɗin ta ina ake shigarsa?"

Inda Maista ya ci kuɗinsa da halaliyarsa shi ne ranar farkon nan, kuma a nan zan daɗe.

Ya ce Isetta ta farko gilasanta kumburarru ne kamar kumfa, ba sa zamewa, sai ɗan ƙaramin gilashi mai kusurwa uku da ake karkatawa don shan iska. Gilashi mai zamewa sai wajen ƙarshen 1956 ya shigo, tare da canjin fasalin rufi da na bayan motar. Wato bodin da ke gabanmu ba yadda za a yi ya zama na 1955, ko makaho ya shafa zai gane. Ni kuwa da idona biyu ban sani ba.

Sai ya durƙusa, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, ya shafa ƙusoshin da suka riƙe farantin da babban yatsa. Ya ce in shafa. Na shafa. Ya ce, "Ka ji rami a tsakiyar kowace ƙusa? Wannan ta bindigar hannu ce, irin wadda ake sayarwa a shagon kayan gini. Wani ne ya ciro farantin daga wata mota ya manna a nan." Ya ɗauko burushin waya da ɗan kananzir, ya yi ta goge wani wuri a jikin shasi, tsatsa da busasshiyar laka suna zuba masa a hannun riga, har lambobi suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa alli a kai ya hure, farin ya zauna a cikin ramukan, lambar ta fito fes. Ba ta yi kama da ta faranti ba ko ta ina. Ya zagaya dama, bayan kujera inda injin yake, ya buɗe murfi ya karanta lambar inji. Ita ma dabam.

Gwiwata ta yi sanyi. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ko ta sata ce na saya. Ya ce in kwantar da hankali, a zamanin da waɗannan motocin ba su da wata daraja, manomi kan haɗa matattu biyu ko uku ya fitar da rayayya ɗaya, ya manna farantin wadda takardunta ke hannunsa, ba wanda ya damu. Ya aika lambar shasi zuwa sashen adana tarihin motoci na BMW a Munik, bayan 'yan makonni takarda ta dawo: Isetta 300 ce ta 1958. Injin da ke cikinta kuwa na 250 ne. Bambancin biyun ba yawa, ɗaya sisi 247 (cc, ma'aunin girman inji) mai ƙarfin doki 12, ɗaya sisi 298 mai doki 13, kuma gudunsu ɗaya, kilomita 85 a awa. An ci gaba da ƙera ƙaramin ne saboda masu tsohon lasisin babur, waɗanda doka ta yarje musu su tuƙa abin da bai wuce sisi 250 ba. Ofishin rajista ma ya bincika ya tabbatar ba a taɓa kai ƙarar satarta ba, sannan na samu barci.

Duk wannan binciken Yuro 180 ya caje ni, ban da kuɗin takardar Munik. Da na san da shi tun kafin in biya magadan nan, da na kai shi ya duba, da kuwa ko rabin kuɗin ban bayar ba. Duk mai niyyar sayen irin waɗannan ƙananan motocin, wannan ita ce hidimar da zan ce ya nema ido rufe.

Dalilin da ya sa binciken ya zama dole yanzu kuɗi ne. Abin da a da ake jefarwa bayan rumbu ya zama kayan masu hannu da shuni. A 2013 aka yi gwanjon tarin ƙananan motocin wani mai suna Bruce Weiner a jihar Jojiya ta Amurka, wajen guda 200, aka tara sama da Dala miliyan 9, wata FMR Tg500 ita kaɗai ta tashi a Dala 322,000. Ita Tg500 ɗin wajen 320 kawai aka ƙera, kuma daga nesa tana kama da 'yar uwarta Messerschmitt KR200 wadda aka yi dubbai, sai dai ita ƙafa huɗu gare ta da inji mai silinda biyu. Haka Peel P50 ta tsibirin Man da ke kusa da Ingila, 'yar mitsitsiyar da ba ta da giyar baya, sai dai ka fito ka kama mariƙi ka juya ta da hannu: wajen 50 aka yi a farkon shekarun 1960, an sayar da ɗaya a Dala 176,000 a 2016, ga kuma sababbin kwaikwayonta ana ta ƙerawa. Inda irin wannan kuɗi yake, jabu ba ya nisa. Maista ya ce rabin masu kiransa yanzu ba gyara suke so ba, so suke ya je ya gaya musu ko abin da za su saya na gaske ne.

Garejin kansa abin kallo ne. Duk zuwan da na yi ba na rasa mota biyar ko shida a ciki, kowace ba ta fi teburin cin abinci girma ba. A nan na koyi raba Heinkel da Isetta, waɗanda da nake yi wa kallon abu ɗaya: ita ma Heinkel ta gaba ake shigarta, amma sitiyarinta ba ya bin ƙofa. A nan na ga an kunna injin Messerschmitt yana juyawa a baibai, domin haka take yin baya, sai ka kashe inji ka sake tayar da shi ta ɗaya gefen. Akwai wata Isetta mai ƙafa uku da wani ya kawo daga Ingila, ƙirar Buraiton, inda aka riƙa haɗa su a tsohuwar masana'antar jirgin ƙasa tun daga 1957. Maista ya nuna min wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da aka ɓoye a gefenta na hagu, saboda da aka mayar da sitiyari dama, direba da inji suka taru a gefe ɗaya, sai da aka yi mata ma'auni don kada ta kife a kwana.

Aikin inji ba ni da abin cewa sai sam barka. Ya ba ni zaɓi: ko in bar na 250 ɗin, ko ya karɓe shi ya ba ni wani na 300 da ke kan kantarsa in cika kuɗi, motar ta koma yadda ta baro masana'anta. Na zaɓi na biyu. Ranar da ya buɗe shi ya kira ni, kuma wannan na cikin 'yan lokutan da shi da kansa ya neme ni. Injin ba shi da filtar mai irin wadda muka sani. Wani faifan ƙarfe ne a jikin karanshaf yake watsa mai, dattin yana taruwa a leɓensa. Ya sa sukundireba ya kankaro min baƙin abu mai tauri kamar busasshen kwalta, ya ce in ya cika sai ya toshe hanyar mai, inji ya ƙone kana tsakiyar tafiya. Ya canja bawul duka biyu, ya wanke kafireta, ya sa sababbin robobin nan guda biyu masu kama da zobe da ke miƙa ƙarfi daga giya zuwa kacar baya, waɗanda ya ce su ne suka fi kashe wa masu Isetta gwiwa a hanya. Tayoyin bayanta a matse suke kusa da juna, tazarar rabin mita da kaɗan, shi ya sa kaca ɗaya da ke wanka cikin mai take juya su tare. Birki kuwa ya sabunta shi kaf, daga bututu har ganga.

Akwai wani ƙashin kujera ƙonanne rataye a bangon garejin. Na tambaye shi, ya ce batirin Isetta a ƙarƙashin kujera yake, in mai ƙiba ya zauna wayoyin kujerar suka lotsa suka taɓa kan batir, sai wuta. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai kam sai na sa maka murfin roba mai kauri." Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa, tuwon uwargida ya karɓe ni.

Mun yi rigima a kan fenti. Ni ja nake so, mai sheƙi. Bai ce komai ba, ya ɗaga tsohuwar robar da ke kewaye da gilashin baya, ya nuna min wani siririn layi da rana da ruwa ba su taɓa gani ba: shuɗi mai haske, kamar sararin sama da hantsi. Ya ce wannan ne launinta, in ja nake so akwai masu fenti da yawa a gari, shi dai ba da hannunsa ba. Na tafi gida ina huci. Uwargida ta ce, "Maigida, kai da ka sayo mota uku a matsayin ɗaya, ai gara ka bar mai ido ya zaɓa." Shuɗin aka yi, kuma yau ba na iya tunaninta da wani launi.

To, ga inda gizo ke saƙa.

Ya ce min wata takwas. Wata 17 aka yi. Na san aikin hannu ba a yi masa gaggawa, kuma da aka ɗaga bodi an tarar ƙasan motar ya ruɓe fiye da yadda aka zata, sai da aka yanke aka yi waldar sabon faranti. Wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wata uku cur da motata ta yi a kusurwa an lulluɓe ta da bargo, ba wanda ya taɓa ta, saboda wani mai kuɗi yana so a gama masa Messerschmitt ɗinsa kafin wani bikin nuna tsofaffin motoci. Ba wanda ya gaya min. Da idona na je na gani, ƙura ta kwanta a kan bargon har ana iya rubutu. Da na yi magana, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai tawa ba gudu za ta yi ba.

Waya kuwa kunnen uwar shegu yake yi da ita. Ba ya aika hoto, ba ya amsa saƙo, wayar tebur ce guda ɗaya a ofis tana ta kuka yana ƙarƙashin mota. In kana son sanin halin da ake ciki sai ka wanke ƙafa ka je, ni kuma mai kwana a hanya ranar Asabar kawai gare ni.

Sai maganar kuɗi. Ƙiyasin farko Yuro 11,000. Abin da na biya a ƙarshe 15,800. Ban ce ya cuce ni ba, domin na ga aikin da idona, kuma duk tsohon ƙarfen da ya cire ya tara min a kwali in gani. Amma ƙarin kusan dubu biyar ai a kira mutum a shaida masa kafin a yi, ba a miƙo masa takarda ranar ɗaukar mota ba. Rasit ɗin ma da hannu aka rubuta, layi ɗaya na cewa "aikin bodi, 3,900", ba awa nawa aka yi, ba kuɗin ƙarfe nawa. Mahaifina da bai yi boko ba ya fi haka bayani in zai karɓi kuɗin gyara. Wanda zai kai masa aiki, ya sa a rubuta tun farko cewa duk ƙarin da ya wuce kaza sai an nemi izininsa. Ni ban yi ba, na ji a jikina.

Ruwan sama na farko da ya same ni a hanya, ta ƙasan ƙofa ya shigo ya jiƙa min takalma. Na mayar, ya daidaita ƙofar ya canja roba, bai karɓi ko sisi ba, har da kofi. Tamfol ɗin rufi kuwa wani ya ba ya ɗinka a waje, ya fito da tattara a kusurwar hagu, in ana gudu yana kaɗawa kamar tuta. Wannan ya ce ba aikinsa ba ne, in je wurin maɗinkin. Ni kuwa shi na ba kuɗi, ban san wani maɗinki ba. Har yau ba mu daidaita a kai ba.

Wata shawara da ya ba ni ta rage min zafi. A Jamus motar da ta kai shekara 30 kuma tana nan a kan asalinta ana iya yi mata lamba mai harafin H a ƙarshe, harajinta tsayayye ne, Yuro 191.73 a shekara, komai girman inji. Ga mai tsohuwar Marsandi wannan garaɓasa ce. Ga Isetta kuwa, da yake harajin yau da kullum da girman inji ake lissafa shi, wajen Yuro 76 kawai zai kama. Wato lambar H ta fi tsada fiye da ninki biyu. Ya ce in ba cikin manyan biranen da suka hana tsofaffin injuna shiga sai masu lambar H zan riƙa kai ta ba, in riƙe kuɗina. Na lissafa, na ga ina son shiga tsakiyar Munik da ita lokaci-lokaci, na yi H ɗin. Amma na yi ne da sanina. Masu duba lafiyar mota sun amince da ita a karon farko, mai dubawar har ya kira abokan aikinsa su zo su gani.

Yanzu ta yi kilomita 1,400 a hannuna ba ta taɓa tsayawa ba. Giyarta a hannun hagu take, jikin bango, kuma jerinta a juye yake, sai da na yi mako ina sa ta uku a maimakon ta ɗaya. Tankinta lita 13, abin da take sha kuwa bai kai lita huɗu a kilomita ɗari ba. In ta haura 70 ba ka jin maganar na kusa da kai. Ni da na saba kallon hanya daga saman babbar mota, ranar farko da wata tirela ta wuce ni na ga tayarta ta fi kaina tsawo, sai da na yi salati. Amma duk inda na tsaya sai tsofaffi sun taru, wannan ya ce a cikin irinta ya kai amaryarsa Italiya, wancan ya ce "Knutschkugel" suke ce mata, wato ƙwallon masoya, saboda kujerar ba ta barin mutum biyu su zauna nesa da juna.

In aka tambaye ni, bincike da inji da birki zan sake kai masa gobe, kuma zan tura ɗan uwana. Ɗinki da kayan ciki a nemi wani. Mai gaggawa ko mai hawan jini kada ma ya fara.

Farantin ƙaryar nan bai ba ni ba. An buga min sabo mai ainihin lambar shasina, shi kuma tsohon ya jefa shi a wani gwangwanin taba da ke kan kantarsa. Na leƙa na ƙirga, nawa ne na bakwai a ciki, kowanne da 'yar takarda ɗaure da zare, an rubuta ranar da aka ciro shi da fensir. Ya ce sau biyu ke nan ana kawo masa motar da ba ta da faranti, ya goge shasi ya shafa alli, ya tarar lambar tana cikin gwangwanin.